Me Ya Sa Titin Tsauni Yake Ta Lanƙwasa, Kuma Me Ke Kayar da Shi?

An yi tambaya cewa: me ya sa idan titi ya shiga yankin tsaunuka sai ya riƙa kwana-kwana kamar maciji, alhali ga inda za a can ana hangowa? Me ya bambanta gininsa da na titin fili, kuma me ya sa wasu ba sa cin damina uku sai gefensu ya zaftare?

A fili, abin da ke cin kuɗi shi ne jikin titin, wato tsakuwa da kwalta. A tsauni kuwa kwalta ce ƙaramin aiki. Babban aikin yana sama da titin da kuma ƙasansa: gangaren da aka sara, cikon da aka zuba, da ruwan da ke neman hanyar wucewa. Da wuya ka ga titin tsauni ya mutu daga kwaltarsa. Daga gefe mutuwar take zuwa.

Bari mu fara da hawa, tunda shi ne ya haifi lanƙwasar. Ana auna hawan titi da kashi cikin 100. Idan aka ce hawa kashi 6 ne, ana nufin cikin kowace mita 100 ta tafiya titin ya ɗaga mita 6. A ido ba wani abu ba ne, amma ka tambayi tirela. Mota mai nauyin tan 40 da ke hawa kashi 6 a gudun kilomita 30 cikin awa tana buƙatar ƙarfin doki kusan 260 don hawan kaɗai, ban da abin da tayoyi da iska ke ci. In ta ce sai ta yi gudun 60, ƙarfin ya ninka, ya wuce 500, kuma yawancin manyan motoci ba su da shi. Ga iskar sama ba ta da kauri: injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke ɗura masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 10 na ƙarfinsa a duk mita 1,000 da aka hau.

Saboda haka ake iyakance hawan. Ƙa'idar hanyoyin Indiya, wadda ta goge da tsaunukan Himalaya, tana kiran ƙasa “mai tsauni” idan karkatarta ta kai kashi 25 zuwa 60, kuma a irin wannan ƙasa hawan da ake so shi ne kashi 5, idan an matsu 6, sai 7 a inda babu makawa, shi ma kada ya wuce tsawon mita 100 a jere. Sauran ƙasashe ma kusa da nan suke. To yanzu a ce tsakanin kwari da mashigar tsauni akwai bambancin tsayi na mita 600, nisan kuma kilomita 3 ne idan aka miƙe. Miƙewar za ta ba da hawa kashi 20, wanda babu motar kaya da za ta hau shi, balle ta sauko da rai. Idan aka ce kashi 6 ake so, dole titin ya kai kilomita 10. Ƙarin kilomita 7 ɗin nan sai an samo masa wurin zama a jikin dutsen, shi ya sa ake shiga kowane lungu na kwari a fito, a ninke a komo. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, a nan lissafi ne ya faɗa.

Sauka ta fi hawa haɗari. Waccan tirela mai tan 40, idan ta gangaro mita 1,000, ƙarfin da za a kashe don kada ta ƙwace ya isa ya tafasa ruwa sama da lita 1,100. Idan direba ya saka babbar giya ya dogara da birki, duk wannan zafi cikin birkin zai shiga. Gangar birki ta buɗe, fatar ta ƙone ta daina kamu, a taka a ji wayam. Mai tsara titi ba zai hana direba ganganci ba, amma yana da abin yi: kada ya bar doguwar gangara ta ƙare a kwana mai tsanani, ko kasuwa, ko ƙaramar gada, ya tanadi wurin tsayawa a duba birki kafin a fara sauka, ya kuma gina hanyar tsira ga motar da ta ƙwace. Ita wannan reshe ce da ke fita miƙe daga titin ta hau tudu, an cika ta da tsakuwa mai zurfin kusan mita ɗaya. Tsakuwar dole ta zama mulmulalliya, girmanta ɗaya, ba ƙura a ciki, don taya ta nutse. Idan aka zuba fasasshen dutse sai ya kama juna ya daskare, motar ta bi ta kai ta wuce. Zurfin kuma a hankali yake farawa, daga 'yan santimita a baki, don kada tsayawar ta zama karo. Motar da ta shigo da gudun 100, a kan irin wannan tsakuwa da hawa kashi 10, tana buƙatar kimanin mita 112 kafin ta tsaya. A ɓangaren masu hawa kuma, inda gudun motar kaya zai ragu da kilomita 15 ko fiye, ana ƙara layi na uku don ƙananan motoci su wuce ba tare da sun shiga hannun masu saukowa ba.

Kwana ita ma da lissafinta. Tsananinta ana auna shi da radiyos, wato nisa daga tsakiyar da'irar zuwa titin. Mafi ƙanƙantar radiyos shi ne gudu sau gudu, a raba da 127 sau jimillar karkatar titi da kamun taya. Idan aka ɗauki karkata 0.10 da kamun taya 0.15, gudun 30 yana neman mita 28, gudun 40 mita 50, gudun 50 kusan mita 80. Ka lura ƙarin gudu kaɗan yana neman fili mai yawa, kuma fili a tsauni sai an sara dutse ake samunsa. Karkatar nan, wato ɗaga gefen waje na kwana sama da na ciki, ba a wuce kashi 10 da ita, a inda ake dusar ƙanƙara kuma kashi 7, domin mota mai dogon lodi da ke rarrafe a hankali za ta iya sulalewa ko ta kife ciki. Sannan ana ƙara wa kwana faɗi, saboda tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa: a kwana mai radiyos 30, motar da ke da mita 6 tsakanin gatarinta na gaba da na baya tana cin ƙarin santimita 60, layi biyu ke nan mita 1.2. Abin da ya fi kashe mutane ba kwana mai tsanani ba ce ita kaɗai, kwana mai tsanani ce da ta biyo bayan doguwar miƙaƙƙiyar hanya. Titin da ya lanƙwasa daga farko har ƙarshe ya riga ya koya wa direba hankali.

Akwai kuma kwanar ninki, wadda titi ke juyowa gaba ɗaya ya fuskanci inda ya fito. Mashigar Istelbiyo a Italiya, mai tsayin mita 2,757, wadda aka gina tsakanin 1820 da 1825, tana da irinta 48 a ɓangare guda. Ƙa'idar Indiya ta ce radiyos ɗin ciki kada ya gaza mita 14, gudu kilomita 20, hawa a cikin kwanar kada ya wuce kashi 2.5, tazara tsakanin ɗaya da ta gaba aƙalla mita 60. Dalilin sassauta hawan shi ne gefen ciki ya fi na waje gajarta, don haka hawansa ya fi tsanani, kuma motar da ke juyi tana hawa a lokaci guda tana iya rasa kamun taya. Wurin da ya dace da ita shi ne inda gangaren ya ɗan kwanta kuma ƙasar tana da ƙarfi, kamar hancin tudu. Jera su bisa juna a gangare ɗaya abu ne da ake yi idan an rasa mafita, amma yana da mugun aibi: ruwan ta sama a kan ta ƙasa yake zuba, kuma zaftarewa guda tana iya yanke titin a wuri uku.

Duk wannan na takarda ne. Inda ake cin nasara ko a faɗi shi ne wajen zaɓen inda titin zai bi, kuma a nan masanin duwatsu ya kamata ya riga safiyo magana. Ana fara wa da hotunan sama da taswirar tsayi, a fitar da wuraren da dole a bi, kamar mashigar da ta fi ƙasa da inda kogi ya tsuke da dutse a gaɓarsa biyu. Daga nan a taka da ƙafa, ana dasa turaku a kan hawan da aka zaɓa. Mai takawa yana neman alamu. Itatuwan da suka karkace ko gindinsu ya lanƙwashe kamar sanda, ƙasa mai tudu-tudu kamar an dama ta, tsagewa mai siffar baka a saman gangare, idon ruwa a tsakiyar gangare, ciyawar fadama a inda bai kamata a ga fadama ba: duk waɗannan suna cewa wurin ya taɓa motsi, kuma abin da ya taɓa motsi jira yake. Tsohuwar zaftarewa takan yi kyan gani ga mai neman sauƙi, domin ta kwanta ta yi fili, ga ta da sauƙin haƙa. Amma tarin ƙasar da ke gindinta shi ne ke tokare da sauran. Ranar da aka sare gindin nan don a wuce da titi, an cire mata waigi.

A dutse kuwa, kwanciyar shimfiɗarsa ake dubawa. Yawancin duwatsu suna da layi-layi da tsagogi kamar littattafan da aka jera. Idan layukan sun karkata zuwa cikin tsaunin, ana iya sara kusan a tsaye ya zauna. Idan sun karkato zuwa titin, to kowane falle yana jiran a yanke masa ƙafa ne ya sulalo, musamman idan akwai siririn yumɓu tsakaninsu da zai yi santsi da ruwa. Kwari ɗaya, dutse iri ɗaya, amma gefe guda lafiya, ɗaya gefen masifa. Wani lokaci gada biyu don a tsallaka zuwa gefen kirki sun fi araha a kan shekaru talatin na kwashe ƙasa. Gefen da rana ta fi duka ma yana da fifiko, don ya fi saurin bushewa, ƙanƙara kuma ba ta daɗewa a kansa. Akwai abin da ya fi ƙarfin kowane tsari: a Janairun 2010 wani gefen tsauni ya zubo a Attabad, arewacin Pakistan, ya toshe kogin Hunza, tafkin da ya taru ya shanye kimanin kilomita 20 na babban titin Karakoram. Da jiragen ruwa aka riƙa tsallakar da kaya har 2015, lokacin da aka buɗe sabon layi da ya bi ta ramuka a cikin dutse.

Idan layi ya tabbata, sai sara da ciko. A gangare mai sauƙi, rabin titin a kan sara yake zama, rabi a kan cikon abin da aka saro, babu asara. Amma ciko ba ya tsayawa a tsaye: gefensa yana son mita 1.5 a kwance ga kowace mita ɗaya ta tsayi, wato karkata kusan kashi 67. Idan gangaren asali ya kai kashi 60 zuwa 65, gefen cikon ba zai haɗu da ƙasa ba sai can nesa, zai yi ta sulalewa siriri zuwa kwari. Daga nan zaɓi biyu ne, ko a zaunar da titin gaba ɗaya a kan sara, ko a gina katanga ta riƙe cikon.

Ga abin da faɗi ke jawowa. A gangare mai kashi 70, idan aka sara wurin zama mai faɗin mita 6 da fuskar sara ɗaya bisa ɗaya, wato mita ɗaya a tsaye ga kowace mita ɗaya a kwance, tsayin saran zai kai mita 14, ƙasar da za a kwashe kubik mita 42 ce a kowace mita ta titi. A mai da faɗin mita 9, tsayin ya koma 21, ƙasar ta koma 94.5. An ƙara rabin faɗi, aiki ya ninka fiye da sau biyu, raunin da aka yi wa dutsen ma haka. Shi ya sa titin tsauni yake da matsi, kuma a inda motoci ba su da yawa, layi ɗaya da wuraren kaucewa ya fi layi biyu hankali.

Sara daga sama ake fara shi a gangaro, ba a taɓa haƙar gindi a jira sama ta faɗo. Ƙasa mai laushi ana ba ta ɗaya bisa ɗaya ko ɗaya bisa 1.5, dutse mai ƙarfi yana ɗaukar huɗu a tsaye bisa ɗaya a kwance. Duk mita 6 zuwa 10 na tsayi ana barin dakali mai faɗin mita biyu ko uku, da ƙaramar magudana a kansa. Inda sai da nakiya, gwanaye sukan fara huda siraran ramuka a jere kan layin fuskar, kusa da juna, su tashe su da ƙaramin caji kafin babban, don dutsen ya tsage a layi. Mai gaggawa yakan dura caji mai yawa a tashi ɗaya, ya farfasa dutsen har can ciki, titin ya yi shekaru ana tsintar duwatsu a kansa.

Ciko kuwa ba a zuba shi a kan ciyawa. Ana kankare saman ƙasa da saiwoyi, a yanka gangaren mataki-mataki kamar bene, sannan a zuba sashi-sashi, kaurin santimita 15 zuwa 20, a jiƙa daidai, rola ta daɓe har ya kai kashi 95 na iyakar daɓuwar da aka auna a ɗakin gwaji. In ba a yi matakan ba, tsakanin tsohuwar ƙasa da sabuwa ya zama santsin da ruwa zai bi. Alamarsa ita ce doguwar tsagewa a kwalta, tana bin titin a tsawonsa ta gefen kwari, gefen waje kuma ya ɗan zauna. A cike ta da kwalta, baɗi ta dawo, domin ba kwaltar ce ke ciwo ba. Ragowar ƙasar da aka saro ma matsala ce. Mafi sauƙi shi ne katafila ta tura ta kwari, kuma shi ne mafi muni: tana kashe tsiron da ke riƙe gangaren, ta ɗora masa nauyi, ta cike rafi. Injin haƙa mai hannu da tifa, da wurin zubarwa da aka zaɓa aka daɓe, sun fi tsada yau, amma su ne aikin.

Yanzu ruwa, wanda shi ne uban tafiyar. Titin da ya ratsa gangare tamkar doguwar wuƙa ce da ta yanke duk hanyoyin da ruwa ya saba bi. Ruwan da a da yake sauka a warwatse, yanzu lambatu ya tara shi wuri ɗaya, da gudu. Ana ƙiyasta yawansa da sauƙin lissafi: kason ruwan da ke gudu bai nutse ba, sau ƙarfin sama a milimita cikin awa, sau faɗin wurin a hekta, a raba da 360. Hekta 20 kacal, da ruwan milimita 100 cikin awa, da kaso 0.6, suna ba da kubik mita 3.3 a kowace daƙiƙa. Sama da tan uku na ruwa ke nan duk daƙiƙa, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, da yashi da duwatsu da rassa yake tafe.

Lambatun gefen dutse, idan gangararsa ta wuce kashi 4 zuwa 5, dole a shafe shi da kankare ko ginin dutse, in ba haka ba ruwa zai ci shi ya shiga ƙarƙashin titi. Kada kuma a bar shi ya yi nisa da ruwan: a hawa kashi 6 zuwa 8, duk mita 100 zuwa 150 a sami kwalbatin da zai tsallakar da shi, ban da kowace ƙorama da ke da nata. Bututun da bai kai santimita 90 ba, ko lissafi ya ce ya isa, a guje shi, domin mutum ba zai iya shiga ya yashe shi ba. A bakin shiga a yi rami mai tara yashi. Bakin fita shi ne inda aka fi yin sakaci: a bar bututu ya leƙo yana zuba a kan ciko, damina biyu ya haƙa kwazazzabo, kwazazzabon ya riƙa cin baya har ya iso kwalta. Ruwan da aka tara, sai an raka shi da matakalar dutse ko kankare har inda ƙasa ke da ƙarfin karɓarsa, ko da mita hamsin ne ƙasa da titin. A ƙoramar da ke kawo manyan duwatsu kuwa, kwalbati tarko ne. Ya toshe, ruwa ya taru bayan ciko kamar dam, ya ɓalle da titin gaba ɗaya. Gara gada mai faɗin baki, ko a kwantar da titin a shafe shi da kankare ruwan ya bi ta kai, in ya wuce a kwashe abin da ya bari.

Akwai magudanar da ake yi can sama da sara don ta tare ruwa kafin ya zubo kan fuskar. A littafi tana da kyau. A aikace, ba wanda ke hawa ya duba ta, kuma idan ta tsage ko ta cike, ta koma mai ɗura ruwa daidai inda zaftarewa ke farawa. In ba za a shafe ta da kyau a kuma riƙa yashe ta ba, rashinta ya fi.

Ruwan da ba a gani ya fi na sama illa. Idan ya cika ƙofofin ƙasa, yana ɗage ƙwayoyinta daga juna, kamunsu ya ragu, shi ya sa gangare kan zaftare bayan an kwana uku ana yayyafi, wani lokaci ma bayan an ɗauke. Maganinsa magudanar ɓoye ce: rami a ƙarƙashin lambatu, bututu mai huji-huji, tsakuwa, a naɗe da ƙyallen tacewa don laka kada ta toshe. A babban gangare ana huda ramuka zuwa cikin dutsen, sun ɗan ɗaga sama, a zura siraran bututu su riƙa tsiyaya.

Katanga ma da ruwa take faɗuwa. Mai tsayin mita 4 da busasshiyar ƙasa a bayanta tana ɗaukar turi kusan tan 5 a kowace mita ta tsawonta. Idan ruwa ya cika bayan, turin ya haura tan 10. Don haka katangar siminti dole ta sami ƙofofin tsiyaya masu faɗin santimita 10 duk mita ɗaya zuwa biyu, da tsakuwa a bayanta. Ka ga katanga a tsakiyar damina ƙofofinta a bushe ƙamas, gangaren kuma jiƙe, to kada ka yi murna, toshewa suka yi. Kejin waya da ake cika wa duwatsu, wanda yawanci mita 2 ne da 1 da 1, ya fi dacewa da ƙasa mai ɗan motsi, don ruwa yana ratsa shi, kuma yana lanƙwasa bai karye ba. Duwatsun su zama santimita 10 zuwa 20, sun fi idon ragar girma, a jera su da hannu, a ɗaure wayoyin tsakiya duk sulusin tsayi don kada cikinsa ya kumburo, a jingina shi kaɗan zuwa dutsen. Ha'incin da aka saba shi ne a jera masu kyau a fuska a cika ciki da tarkace. Kowace irin katanga ce, gindinta ya sauka har ƙasa mai ƙarfi. Wadda aka dasa a kan ƙasar da ke tafiya, tare za su tafi. Ga ciko mai tsayi sosai akwai dabarar da injiniyan Faransa Henri Vidal ya fito da ita a shekarun 1960, ta shimfiɗa ɗamarar ƙarfe ko ragar roba tsakanin sassan ciko, ƙasar ta riƙe kanta.

Fuskar da aka sara ba a barin ta tsirara ta shiga damina. Ciyawa mai dogayen saiwoyi irin jema, wadda saiwarta kan nutsa mita biyu zuwa uku, ana dasa ta layi-layi a gicciye, tazarar santimita 10 zuwa 15. Tana hana zaizaya da ƙananan zamewa, amma ba ta tsayar da zaftarewa mai zurfi. Dutse mai tsagogi ana ɗinke shi da dogayen rodi da ake turawa ciki a dura siminti, a fesa kankare a fuska, shi ma da ƙofofin ruwa. Inda ake sanyi mai tsanani, ruwan da ya daskare a tsagi yana kumbura da kashi 9, yana ɓamɓaro dutse kaɗan-kaɗan, don haka faɗowar duwatsu ba ta ƙarewa. Ana tarbarsu da rami mai faɗi a gindin sara, ko raga da aka lulluɓa wa fuskar, ko shingen igiyar ƙarfe mai bayarwa idan an doke shi. Inda abin ya yi yawa, a yi wa titin rumfar kankare, komai ya bi ta kai.

Rami a cikin dutse yana yanke hawa da nisa, ya kuma kauce wa ƙanƙara, kamar na Lardal a Nowe mai kilomita 24.5 da aka buɗe a 2000. Tsadarsa ba ta ƙarewa da haƙa: iska, fitilu, famfunan ruwa da shirin gobara kullum suna ci. Gobarar ramin Mon Bulan tsakanin Faransa da Italiya a 1999 ta kashe mutum 39, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta ce ƙofofin tsira kada su wuce tazarar mita 500, hawa a sabon rami kada ya wuce kashi 5 sai in babu wata hanya.

Kwaltar kanta, a hawa da cikin kwanar ninki, tana shan wuya daga motoci masu nauyi da ke tafiya a hankali suna murza ta, sai ta tattare ta yi kunya-kunya. A irin wuraren nan kankare mai kaushi ko tubalan siminti sun fi daɗewa. Titin tsakuwa da ya wuce kashi 8 kuwa ruwa ne zai kwashe shi, gara a rufe wannan yankin ko da sauran ba a rufe ba. Shingen ƙarfe na gefen kwari yana buƙatar ƙasa kamar santimita 60 a bayan turakunsa da filin da zai lotsa idan an buge shi. In babu wannan fili, sai na kankare da aka ɗaure da jikin titin.

Wajen jeranta aiki, kwalbatoci da lambatu su riga damina, kuma kada a buɗe saran da ya fi abin da za a iya karewa kafin ruwa ya sauka. Da yawa sukan bar sabon titi ya sha damina ɗaya ko biyu kafin kwalta ta ƙarshe, don ciko ya zauna, wuraren da za su zame su nuna kansu. Bayan an buɗe shi, aikin shebur ne: a yashe lambatu da bakin kwalbati kafin ruwan farko da bayan kowane babban ruwa. Mai dubawa kada ya tsaya a kan kwalta. Ya sauka ƙasa ya ga inda kowane bututu ke zuba, ya hau sama da sara ya nemi tsagewa. In ya samu, ya kafa turaku biyu, ɗaya kowane gefe, ya auna tsakaninsu ya rubuta, ya toshe tsagin da yumɓu don ruwa kada ya shiga. Idan awon bai canja ba har ƙarshen damina, sai a ci gaba da sa ido. Idan yana ƙaruwa mako bayan mako, a nemi masanin ƙasa. Idan ƙaruwar ta koma ta kullum kuma tana sauri, a rufe titin a ranar.